Kundin ci gaban shirin horar da manya sana'a haɗe da karatu da lissafi

14 ga Janairu, 2025

Kwamitin shiri ya yi zamansa na farko a yau, kuma kafin a taɓo maganar manhaja ko malamai ko kayan aiki, sai da aka tsaya a kan abin da za a auna shirin da shi idan ya kammala. An amince cewa ma'aunin shi ne yawan waɗanda suke cikin aiki mai kawo kuɗi wata shida bayan an yaye su, da kuma abin da suke samu a lokacin idan aka kwatanta da abin da suke samu kafin su shigo. Za a rubuta adadin waɗanda suka yi rajista da na waɗanda suka karɓi takarda a ranar yaye, domin masu ba da tallafi suna buƙatar waɗannan alƙaluma, amma ba da su za mu yi wa kanmu hukunci ba.

Akwai dalilin wannan tsauri. A shekarar 2017 David McKenzie, masanin tattalin arziki a Bankin Duniya, ya tattara sakamakon gwaje-gwajen da aka yi wa shirye-shiryen koyar da sana'a a ƙasashe masu tasowa, ya gano cewa a cikin kowane mutum 100 da aka bai wa horo, waɗanda suka samu aikin da ba za su samu ba in da ba a horar da su ba, ba su kai 3 ba. Wasu daga cikin 'yan kwamiti sun ji nauyin wannan adadi, har ɗaya ya tambaya ko akwai amfanin a fara. Ra'ayina shi ne adadin gargaɗi ne game da irin horon da ake tsarawa a ofis ba tare da an tambayi mai ɗaukar ma'aikata abin da yake nema ba, kuma shi ya sa aikinmu na farko zai kasance a wajen aji.

4 ga Fabrairu, 2025

Makonni ukun da suka wuce sun tafi ne a wuraren aiki. Mun bi hanyar da ake kira DACUM, wadda ta samo asali a Kanada a ƙarshen shekarun 1960, daga baya Jami'ar Jihar Ohio a Amurka ta yaɗa ta. Ana tara ƙwararrun da suke yin aikin da hannunsu, ba shugabanninsu ba, a zaunar da su kwana biyu tare da mai jagorantar tattaunawa, su faɗi kowane aiki da suke yi, a rubuta shi a kati a manna a bango, har a samu cikakken hoton sana'ar. Mun yi haka da masu haɗa wutar lantarki da sola, da masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, da masu kula da kaya a sito.

Abin da ya fito a katunan ya bambanta da abin da ke cikin tsofaffin manhajojin da muka tara. Manhajar gyaran firji ta ba da babi mai tsawo ga bayanin yadda iskar gas take zagayawa, alhali masu gyaran sun ce mafi yawan kiran da suke amsawa matsalar wuta ce, ko wani ƙaramin kayan wuta irin su kafasita ko rila da ya mutu, ko wayar da ta ƙone. Masu sito kuwa ba su yi maganar ƙarfin ɗaukar kaya ba ko kaɗan. Damuwarsu ita ce sabon ma'aikaci ya iya karanta takardar kaya, ya gwada ta da abin da aka sauke daga mota, ya kuma rubuta bambancin idan akwai. A duka sana'o'in uku, ƙorafin masu ɗaukar aiki ya koma kan abubuwa kaɗan: karanta umarnin aiki, awo daidai, zuwa a kan lokaci, da faɗin gaskiya da wuri idan an ɓata wani abu.

An cire ajin koyon kwamfuta na gama-gari daga cikin tsarin, duk da cewa shi ne jama'a suka fi tambaya, saboda babu mai ɗaukar aiki ko ɗaya da ya ce zai ɗauki mutum a kan wannan kaɗai. Abin da ake buƙata na kwamfuta za a saka shi cikin darasin sito.

25 ga Fabrairu, 2025

Wannan ne zaman da aka fi kai ruwa rana a cikinsa. Da yawa daga cikin waɗanda shirin yake nufi sun bar makaranta tun suna yara, wasu kuma ba su taɓa shiga ba, saboda haka dole a yanke shawara a kan inda za a sa karatu da lissafi. Hanyar da aka saba ita ce a fara da ajin yaƙi da jahilci na wata shida ko shekara, wanda ya ci jarrabawa sai ya wuce zuwa sana'a. Matsalarta sananniya ce ga duk wanda ya taɓa koyar da manya: magidanci ko uwar 'ya'ya da suka zo neman abin yi ba za su jure shekara guda suna haɗa baƙi da wasali ba tare da sun taɓa kayan aiki ba, kuma yawancinsu suna ɓacewa kafin a kai ga ƙofar sana'ar.

Ɗaya hanyar ita ce a haɗa su a aji ɗaya. Misalin da muka fi nazari shi ne tsarin I-BEST na kwalejojin jihar Washington a Amurka, wanda aka fara gwadawa a tsakiyar shekarun 2000. A wannan tsari malamai biyu ne suke riƙe da aji, ɗaya na sana'a ɗaya na karatu da lissafi, kuma ƙa'ida ce su kasance tare a cikin ajin aƙalla rabin lokacin darasi. Ɗalibi yana koyon kashi da ɗigo ne a lokacin da yake buƙatarsu domin yanka bututu, yana koyon karatu a kan takardar da zai karanta a wurin aiki. Tunanin ya girmi wannan tsari. Taron ministocin ilimi da UNESCO ta shirya a Tehran a 1965 shi ne ya ɗaga maganar ɗaura karatun manya a kan sana'arsu, kuma a 1963 masanin ilimi Paulo Freire ya koyar da manya kusan 300 a Angicos ta ƙasar Brazil ta hanyar kalmomin da ya tsinto daga rayuwarsu ta yau da kullum. Sai dai babban shirin gwajin da UNESCO ta gudanar bayan taron Tehran, daga 1967 zuwa 1973, bai cimma abin da aka zata ba, kuma wannan ya isa ya tuna mana cewa haɗa karatu da sana'a a kan takarda ya fi sauƙi a kan haɗa su a cikin aji.

Kwamiti ya zaɓi haɗawa. Farashin wannan zaɓi shi ne albashin malami na biyu, da kuma awa biyu a kowane mako da malaman biyu za su zauna su tsara darasi tare, wanda shi ma aiki ne da za a biya. Domin a cike giɓin, an rage yawan guraben rukunin farko. Mai kula da kuɗi bai ji daɗin haka ba, kuma ya nemi a rubuta cewa bai amince ba, an kuma rubuta.

18 ga Maris, 2025

An rufe rajista. Masu nema sun fi guraben yawa, saboda haka aka ware waɗanda suka cika sharuɗɗa, aka yi musu ƙuri'a a gaban kowa. Waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa musu ba an ba su tabbacin gurbi a rukuni na biyu, kuma sun amince mu riƙa tuntuɓarsu a tsakani. Baya ga adalcin da ke cikin ƙuri'a, ita ce za ta ba mu damar kwatanta waɗanda aka horar da mutane irinsu da ba a horar ba tukuna, wanda in babu shi duk wani adadi da za mu kawo nan gaba zato ne kawai.

Ba a yi wa kowa jarrabawar takarda ba. An zauna da kowane mai nema shi kaɗai, aka ba shi tef ɗin awo da takardar kaya da wata 'yar na'ura, aka nemi ya nuna abin da ya iya. Ta haka aka gano mutane da dama da suka yi shekaru suna wayarin a hannun wani, sun iya aikin amma ba su da takarda. Shawara mai lamba 195 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka zartar a 2004, ta buƙaci a riƙa tantance ƙwarewar da mutum ya samu a baya a kuma ba shi shaida, ko da a wajen makaranta ya same ta. Waɗannan an ɗauke musu darussan farko na aikin hannu, lokacin nasu zai tafi ga karatu da ƙa'idojin kariya.

Mata sun fi karkata ga ajin sito, 'yan kaɗan suka zaɓi sola. Tun da alƙaluman UNESCO sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na manyan da ba su iya karatu ba a duniya mata ne, an ware ɗaki ɗaya da mai reno domin yara ƙanana a lokutan darasi.

8 ga Afrilu, 2025

An fara darasi jiya. A ajin wuta, malamin sana'a ya ɗaga ƙwan fitila mai wat 60, ya tambayi amfiya nawa zai ja daga batir mai bolt 12, malamar lissafi kuma ta karɓa daga nan ta yi rabawar a allo tare da ɗalibai har aka samu 5. Daga wannan amsa aka shiga maganar kaurin waya da girman fis. Wani dattijo da ya ce bai taɓa gane rabawa ba tun yana yaro ya yi lissafi na biyu da kansa, domin a wannan karon ya san abin da zai ƙone idan ya kuskure.

20 ga Mayu, 2025

Kujeru sun fara zama babu kowa tun daga mako na huɗu, kamar yadda duk malamin manya ya san za a yi. Dokar da muka sa ita ce duk wanda ya yi fashi sau biyu a jere, jami'ar kula da ɗalibai za ta kira shi a ranar, idan ba a same shi ba ta je inda yake. Abin da take dawowa da shi kusan ba ya shafar darasin kansa. An canza wa wani lokacin aiki daga safe zuwa yamma, wata ɗanta ya kwanta asibiti, wani kuɗin mota ya gagare shi a ƙarshen wata, wani kuma aikin kwana biyar ya faɗo masa, kuma babu mai hankalin da zai ce masa ya bar kuɗin abincin iyalinsa ya zo aji. Abin da ya fi damuna shi ne waɗanda dalilin fashinsu ya riga ya wuce amma kunya ta hana su dawowa, suna ganin an yi musu nisa.

A kan wannan batu mun sake duba Project QUEST, shirin da aka kafa a birnin San Antonio na jihar Texas a 1992. Shi wannan shiri ba ya koyar da sana'a da kansa, kwalejoji ne suke koyarwa. Aikinsa shi ne biyan kuɗin karatu, taimakawa da kuɗin mota da sauran buƙatun gaggawa, da kuma zama na mako-mako tsakanin ɗalibai da mai ba su shawara. Binciken da aka yi masa ta hanyar ƙuri'a ya bi mutanen har shekara tara, kuma a shekara ta tara waɗanda suka shiga shirin suna samun fiye da dala 5,000 a shekara sama da waɗanda ba su shiga ba. Shirye-shirye kaɗan ne ribarsu take daɗewa haka, kuma abin lura shi ne yawancin ƙoƙarin shirin yana tafiya ne wajen hana mutum barin karatu.

An ɗauki matakai uku. An buɗe wani ƙaramin asusun gaggawa wanda jami'ar za ta iya cirewa daga ciki a rana ɗaya ba tare da jiran zaman kwamiti ba. An sake yanka manhajar zuwa sassa na mako biyu-biyu, kowane da gwajinsa, ta yadda wanda ya rasa sashe ɗaya zai rama shi ranar hutu ba tare da ya koma farko ba. An kuma riƙa maimaita darasin safe idan yamma ta yi a ajin sito, inda canjin lokacin aiki ya fi yawa. Malamai sun yi ƙorafin ƙarin nauyi, kuma suna da gaskiya; za a duba alawus ɗinsu a zama mai zuwa.

24 ga Yuni, 2025

Ɗalibai sun shiga kashi na biyu, wato sanin makamar aiki: kwana uku a wurin aiki, kwana biyu a cibiya. Duk wanda ya ga wannan rabo zai tuna da tsarin Jamus, inda mai koyon sana'a yake yin kwana uku ko huɗu a kamfani da kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a, na tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, a cikin sana'o'i fiye da 300 da hukuma ta amince da su. Amma tsarin Jamus yana tsaye ne a kan dokar koyar da sana'a ta 1969, da majalisun 'yan kasuwa da na masu sana'ar hannu waɗanda suke shirya jarrabawa, da kamfanonin da suka saba biyan mai koyo alawus tun daga watan farko. Shiri na wata shida ba zai iya kwaikwayon wannan ba. Abin da muka ara guda biyu ne, yarjejeniya a rubuce da littafin aiki da ɗalibi yake cikewa kullum, maigidan aiki ya sa hannu a ƙarshen mako.

Yarjejeniyar mun gina ta ne a kan Shawara mai lamba 208 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar a watan Yunin 2023 game da ingantaccen koyon sana'a a wurin aiki. Yarjejeniyar ta fayyace awannin aiki, da alawus, da kayan kariya, da ayyukan da dole a nuna wa ɗalibi, waɗanda muka ɗebo kai tsaye daga katunan watan Fabrairu. Littafin aikin ya riga ya nuna amfaninsa. A wani wuri an ga shafukan ɗalibai biyu cike da shara da aike da ɗaukar tsani har tsawon mako guda, aka je aka yi magana da maigidan cikin mutunci, da abin bai canza ba aka mayar da su wani wurin.

Wasu masu kamfanoni sun ƙi karɓar ɗalibai tun farko, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: su za su ɓata lokaci da kaya wajen koyarwa, idan mutum ya ƙware sai maƙwabci ya ɗauke shi da ƙarin albashi kaɗan. Wannan tsohuwar matsala ce, ita ce ta sa ƙasashe suka ƙirƙiro harajin horo domin kowa ya biya, mai koyarwa da mai jiran a koyar ya ɗauka. Brazil ta kafa hukumar koyar da sana'a ta SENAI a 1942 a kan kuɗin da masana'antu suke biya gwargwadon albashin ma'aikatansu, Birtaniya kuma tun 2017 tana karɓar kashi 0.5 cikin 100 na jimillar albashi daga kamfanonin da jimillar albashinsu ta haura fam miliyan 3 a shekara. Mu ba mu da irin wannan iko, abin da ke hannunmu shi ne ɗaukar rabin alawus ɗin ɗalibi, da kuma bai wa maigidan damar zama na farko da zai yi masa tayin aiki.

15 ga Yuli, 2025

An dakatar da aikin hannu na kwana ɗaya a ajin wuta bayan wani ɗalibi ya kai hannu ga waya ba tare da ya gwada ta da mita ba. Bai ji rauni ba. An sake darasin kashe wuta daga tushe, da kulle makunni, da gwadawa kafin taɓawa, kuma daga yanzu wanda ya tsallake ɗaya daga cikin waɗannan a gwaji ya faɗi, komai kyan sauran aikinsa.

19 ga Agusta, 2025

Maganar takardar shaida ta taso, domin wasu sun ba da shawarar cibiya ta buga tata ta raba a ranar yaye, ya fi sauƙi kuma ya fi araha. Ban goyi bayan haka ba. Takardar da malami ya bai wa ɗalibinsa ba ta gaya wa baƙon mai ɗaukar aiki komai sai cewa mutumin ya halarci aji.

Akwai bincike daga Uganda da ya yi daidai da wannan muhawara, wanda Livia Alfonsi da Oriana Bandiera da abokan aikinsu suka yi tare da BRAC, wata ƙungiyar raya al'umma mai zaman kanta, aka buga shi a 2020. An raba matasa ta hanyar ƙuri'a, wasu suka yi wata shida a cibiyoyin koyar da sana'a, wasu suka yi wata shida suna koyo a ƙananan kamfanoni da aka tallafa wa da kuɗin albashi, aka bi su na tsawon shekara huɗu. Duka ɓangarorin sun koyi aiki kuma sun amfana da farko, amma ribar waɗanda suka koya a kamfani ta riƙa raguwa, ta 'yan cibiya kuma ta ɗore. Bayanin masu binciken shi ne 'yan cibiya suna da ƙwarewar da za a iya tabbatarwa da takarda, saboda haka idan aiki ya ƙare a wuri ɗaya suna saurin samun wani, shi kuwa wanda ya koya a hannun maigida, maigidan ne kaɗai ya san abin da ya iya.

An amince a yi wa ɗalibai rajistar jarrabawar sana'a ta hukuma, masu tantancewa daga waje su zo su gwada su a kan aikin hannu. Mun nemi a yarda a karanta wa waɗanda karatunsu bai yi ƙarfi ba tambayoyin ɓangaren rubutu, an yarda a sana'o'i biyu, ana jiran amsa a kan ta uku.

14 ga Oktoba, 2025

An kammala horo a ƙarshen Satumba, an yi gwajin waje a makon da ya biyo baya, ana jiran sakamako. Wasu masu gidan aiki sun riƙe ɗaliban da suka koya a wurinsu, musamman a sito da gyaran firji. A ɓangaren sola yawancin tayin na aikin kwangila ne, a kira mutum idan akwai aiki, saboda haka sai an yi hattara wajen rubuta wanda yake cikin aiki da wanda yake jira. An gyara takardar bibiya domin ta tambayi kwana nawa mutum ya yi aiki a makonni huɗun da suka wuce da nawa ya samu a cikinsu, a maimakon ta tsaya a kan ko yana da aiki ko babu.

Masu ba da tallafi sun nemi rahoton nasara kafin ƙarshen wannan wata. Za a aika musu da adadin waɗanda suka kammala da waɗanda suka zauna jarrabawa, tare da bayanin cewa alƙaluman aiki ba za su samu ba sai ƙarshen Maris na 2026. An karɓi lambobin waya biyu daga kowane ɗalibi, tasa da ta wani ɗan uwa, saboda lambobi suna canzawa, kuma waɗanda aka fi rasawa a bibiya sau da yawa su ne waɗanda abin bai yi musu kyau ba, wanda hakan yana ƙawata sakamako ba bisa gaskiya ba. Za a kira har waɗanda suka bar shirin a tsakiya, a lissafa su cikin rukuninsu.

Akwai matsala guda da kwamiti zai warware a zaman 28 ga wata. An yi wa waɗanda ke jira alƙawarin farawa a Janairu, amma idan suka fara kafin bibiyar Maris, kwatancin da aka yi ƙuri'a dominsa ya lalace. Shawarar da zan gabatar ita ce a cika alƙawarin, a yi wa ɓangarorin biyu tambayoyin bibiya a makon farko na Janairu kafin a buɗe aji, a karɓi kwatancin wata uku a maimakon na wata shida, sannan a ci gaba da bin rukunin farko su kaɗai har Maris. Kafin zaman, malaman karatu za su kawo sakamakon gwajin ƙarshe na karatu da lissafi, jami'ar kula da ɗalibai kuma za ta kawo lissafin abin da aka kashe daga asusun gaggawa da dalilin kowane kashi.